Ranar da Babayo Ya Faɗi Kuɗin Farce

Duk wanda ya san unguwar Gwallaga ya san darbejiyar da ke gefen ƙaramin masallacin masu walda, wanda kuwa ya san darbejiyar ya san Babayo Jalo, domin shekara ashirin da bakwai ke nan yana zaune a gindinta yana yanke wa mutane farce. Dogo ne siriri, mai ɗan gemu a haɓa, kuma in ka same shi da ƙafar wani a kan cinyarsa sai ka ɗauka tiyata ake yi. Ba ya magana in yana aiki. Ba ya ma so a yi masa, amma wa ya isa ya hana tsofaffin Gwallaga surutu?

Ba a gari aka haife shi ba. A ruga ya tashi, ta hanyar Dass, kuma mahaifinsa ake kira in kofaton saniya ya yi tsawo ya karkace har tana ɗingishi. Babayo ya riƙe ƙafar saniya shekaru kafin ya riƙe ta mutum. Da shanun suka ƙare, ciwo ya ci wasu, kasuwa ta ci saura, sai ya shigo Bauchi da sandarsa da butarsa. Ya gwada dako, bayansa ya ƙi. Ya gwada ga-ruwa, ya kasa ɗaga murya ya yi talla. Wata rana yana hutawa a gindin darbejiyar nan ya ga wani dattijo yana kokawa da farcen babban yatsansa da wuƙar yankan albasa, abin ya tsaya masa a rai, ya ce, "Baffa, kawo in gani." Daga ranar bai sake neman wani aiki ba.

Yadda yake aikinsa ma abin kallo ne. Filas biyu na ruwan zafi yake zuwa da su daga gida. Zai zuba a roba, ya jefa 'yar kanwa, mutum ya tsoma ƙafa har farcen ya yi laushi. Sai ya ɓare sabuwar reza a gabanka don ka gani da idonka. Almakashinsa kullum sai matarsa Habibatu ta tafasa shi kafin ya fito. Daga dama yake farawa, ya bi yatsu ɗaya bayan ɗaya, ya kankare kaushi, ya goge da dutse. In ya gama sai ya tattara farcen da ya yanke, ko ɗaya ba ya bari a ƙasa, ya ƙunshe a 'yar takarda ya miƙa wa mai shi ya je ya binne abinsa. Rabin awa yake ɗauka a kan mutum ɗaya, ko da kuwa layi ya kai bakin titi.

Abu ɗaya ne Babayo bai taɓa yi ba a duk shekarun nan: bai taɓa faɗin kuɗin aikinsa ba. In baƙo ya tambaya, sai ya kawar da kai ya ce, "Abin da ya sauƙaƙa." Mutum zai dunƙule kuɗin ya sa masa a tafin hannu, shi kuma ya cusa a aljihu ba tare da ya duba ba, a yi godiya a rabu. Haka ya ga mahaifinsa yana yi da masu shanu. A wurin tsohon, namiji ya buɗe baki ya yanka wa hannunsa kuɗi, da wannan da roƙo duk ɗaya ne. Kuma tsarin bai cuci Babayo ba. Wani ya ba da kaɗan, wani ya ba da mai yawa don kada a ce ya yi rowa, in aka haɗa sai ga cefane har da canji. A haka ya aurar da 'ya'ya biyu.

Sai shekarar da man fetur ya tashi, komai ya bi bayansa. A shekarar ne samari suka cika Gwallaga da almakashi. Su ba zama suke ba, yawo suke yi, jaka a kafaɗa, almakashi na ƙas-ƙas tun daga bakin titi har cikin lungu, suna kira, "A yanke! Hannu da ƙafa ɗari biyu!" Minti biyar sun gama da mutum. Reza ɗaya sai ta zaga shago goma, a ɗan tsoma ta a ruwan kwalba a wuce, farcen kuma a bar wa kaji. Ba zan zage su ba. Halak ɗinsu suke nema, kuma mai shagon da ke jiran ciniki ba shi da rabin awar jiƙa ƙafa. Amma sun yi wa Babayo ɓarnar da su kansu ba su sani ba, domin sun sa wa farce kuɗi.

Da can mutum da zuciyarsa yake shawara kafin ya sa hannu a aljihu. Yanzu kowa ya ji da kunnensa cewa kuɗin farce ɗari biyu ne. Har alhazan da ke ba shi dubu guda suka koma ɗari biyu, kuma ransu fes, tunda ai haka ake yi. Za su zo su jiƙa ƙafa a ruwan zafinsa, a ɓare musu sabuwar reza, a ƙunshe musu farce a takarda, sannan su biya kuɗin masu yawo.

Habibatu ce ta fara fasa maganar, wata ranar Litinin bayan magariba, da ya zazzage aljihu a kan tabarma ta ga abin da ya fito. Ita awara take soyawa a ƙofar gida, kuma ba ta san wani abu wai kunyar ciniki ba.

"Baban Fati, wannan ko reza da gawayi bai mayar ba. Sadaka ka koma yi ban sani ba?"

"Kasuwa ce. Za ta gyaru."

"Ba za ta gyaru ba sai ka buɗe baki. Ni kullum ina faɗin kuɗin awarata sau ɗari, ka ga bakina ya karkace? Ɗari biyar za ka ce, hannu da ƙafa. Wanda ya ga ya yi masa tsada, ga masu ƙas-ƙas can."

"Ɗari biyar! Su suna ɗari biyu?"

"Su ruwan zafi suke dafawa? To bari ka ji. Yayana Hammajoda ya samo maka gadi a wajen masu katako, ya ce ƙarshen wata yake son amsa. Ko ka faɗi kuɗinka, ko ka karɓi tocila da sanda. Ni dai na gaji da awarata tana ciyar da ƙafafun Gwallaga."

Babayo ya shiga tattara kuɗin da ke kan tabarma. Gadi! Shi da mutane ke layi don hannunsa, ya koma zaman ƙofar wani yana korar awaki. Can ya ce, a hankali, "Har Malam Mika'ilu zan faɗa wa?"

"Shi ba ƙafa gare shi ba?"

Malam Mika'ilu tela ne, ko in ce tela ne a da, kafin ciwon suga ya rage masa gani ya rufe shago ya koma unguwar Ɗan Iya wurin 'yarsa. Shi ne dattijon nan mai wuƙar albasa. Shi ya saya wa Babayo almakashinsa na farko, shi ya ɗinka masa rigar aure bai karɓi ko kwabo ba. Asalin kakanninsa Barebari ne, don haka tsakaninsa da Bafillace sai wasa. Duk Juma'a biyu zai hau keke tun hantsi ya sauka a gindin darbejiya yana cewa, "Ina bawana? Zo ka gyara ƙafar ubangidanka." Babayo ya ce, "Wa ya taɓa ganin bawa da filas biyu?" Ɗari biyu yake bayarwa, kuma ba daga samarin ya koya ba. Shekara goma ke nan yana ba da ita, tun lokacin da ɗari biyu kyauta ce ta girma. Shi bai rage komai ba, kuɗin ne suka lalace a hannunsa bai lura ba.

Tun daga daren Litinin ɗin nan Babayo ya rasa sukuni. Mutumin da ke iya wuni a kan 'yar kujerarsa bai motsa ba, yanzu ba ya minti goma bai miƙe ba. Ya leƙa titi, ya dawo, ya gyara zaman roba, ya sake miƙewa. In ya ji ƙas-ƙas daga nesa sai ya juya wa titi baya. Da safe zai yanke cewa ɗari uku ta isa. Kafin azahar, in ya tuna reza, ya koma ɗari huɗu. Da la'asar ya yarda Habibatu ce da gaskiya, da ya hango wani tsoho yana tahowa da sanda kuma sai ya ji ko ɗari biyun ma ta yi yawa. Rannan har ya ce bari ya yi irin na samarin, ya bar filas a rufe, ya kama ƙafar wani mai faci a bushe. Almakashi na kama farcen ya ji ya yi ƙara zai tsage. Ya ajiye, ya ce, "Yi haƙuri," ya jawo roba ya zuba ruwa. Hannunsa ya ƙi koyon sauri.

Sai dabara ta zo masa, kuma ya ji daɗinta har ya yi dariya shi kaɗai. Tunda baki ya ƙi, allo ya faɗa. Ya je wurin Andrawus mai rubuta allunan shaguna, aka samo ɗan falanki, aka shafa farin fenti, aka rubuta da ja: YANKAN FARCE, HANNU DA ƘAFA N500. Ya jingina shi da darbejiya, ya koma gefe ya zauna kamar ba shi ya kawo ba.

Abin da Babayo ya manta shi ne su wa ke zama a bencinsa. Rabinsu ajami kawai suka iya, boko ko harafi. Wasu idon ya tafi. Waɗanda suka yi boko kuwa, tsofaffin ma'aikata masu tabarau, sai suka kalli allon, suka kalli sama, suka ci gaba da hirar siyasa. Kwana huɗu allo na tsaye, mutum biyu ne kacal suka bi abin da ya ce. Ranar Juma'a Malam Mika'ilu ya zo, ya ga farin abu dishi-dishi, ya jawo shi ya jingina bayansa.

"Kai Bafillace, ka yi arziki har da allo? Me aka rubuta?"

Babayo ya sunkuyar da kai cikin roba. "Suna ne kawai, Malam."

"To madalla. Kada shanu su ɓata hanya."

Babayo ya koma gida ranar yana jin haushin kansa, Habibatu kuwa ko kallonsa ba ta yi ba, ta ce saura kwana goma sha shida wata ya ƙare.

Sati biyun da suka biyo baya ya yi su yana gwajin magana. A hanya yana tafe yana motsa baki, "Ɗari biyar ne. Yanzu ɗari biyar ne. Malam, ka san yadda gari yake." Ya faɗa wa baƙi biyu, ɗaya ya biya, ɗaya ya ja tsaki ya mayar da takalminsa. Bai mutu ba. Ya ce a ransa, to, Malam Mika'ilu ma zan ja shi gefe, in raka shi bakin titi, in faɗa masa mu biyu, cikin wasa.

Juma'ar ta zo da cunkoso, kowa na son ya gyara kafin masallaci. Mutum biyar ne a benci. Babayo ya gama da ƙafar Malam Mika'ilu, ƙafar da ya fi sani a duniya, wadda ba ya yarda reza ta kusanci namanta saboda ciwon nan ba ya son rauni. Ya ƙunshe farcen ya miƙa. Tsohon ya dunƙule kuɗinsa ya sa masa a tafin hannu yadda aka saba.

Har yau Babayo bai san abin da ya shiga kansa ba. Wataƙila maganar ce ta gaji da zama a maƙogwaro. Maimakon hannun ya wuce aljihu, sai ya buɗe shi. Ya warware takardar kuɗin a gaban mutum biyar, ya kalle ta, ya ji bakinsa yana cewa da ƙarfi, ƙarfin da bai yi niyya ba, "Malam, ɗari biyar ne yanzu."

Mutanen benci suka kawar da kai. Wani ya shiga gyaran hula, wani ya tuna yana da tari.

Malam Mika'ilu ya ɗago kai. Ya kalli wajen hannun Babayo, ba fuskarsa ba. Sannan ya ce, "Tun yaushe?"

"Sati... sati uku."

"Abin da ke allon ke nan."

Ya sa hannu a aljihun gaba, ya laluba na gefe, ya fito da ɗari uku a ninke, ya ɗora a kan ta farkon. Babayo ya san kuɗin mene ne, domin kullum daban tsohon yake ajiye na keke.

"A'a Malam, bar shi, sai wani zuwan..."

"Riƙe haƙƙinka."

Ya sa takalmi, ya ɗauki sanda. Mai keke ya tsaya a gabansa, tsohon ya ɗaga masa hannu ya wuce da ƙafa. Babayo ya bi shi da kuɗin har bakin titi yana magiya, tsohon bai waiwayo ba. Haka ya tsaya yana kallonsa yana bin gefen kwalta a hankali, da ƙafafun da bai kamata su yi doguwar tafiya ba, ga rana ta fara zafi, ga mutum huɗu na jira a benci.

Abin haushin shi ne, daga ranar kuɗin ya zauna. Labari ya zaga Gwallaga cewa Babayo ya faɗa wa Malam Mika'ilu ma, to wa ya rage? Wasu suka ɗauke ƙafa, suka koma wa samarin. Da yawa suka biya ba ko gardama, har wani alhaji yana cewa ai tuntuni ya kamata. Aka fara kawo masa waɗanda reza mai yawo ta yi wa aika-aika, yatsa a kumbure, su kuwa ko dubu ya ce za su bayar. Mutane sun ragu, cefane ya dawo. Habibatu ta aika wa Hammajoda cewa a ba wani gadin, ta yi miyar kaza.

Babayo ya ci kazar bai ji ɗanɗanonta ba. Juma'a biyu ta zagayo, tun hantsi yake miƙewa duk keken da ya rage gudu, Malam Mika'ilu bai zo ba. Ya ce wataƙila mura ce. Wata Juma'a biyun ta sake zagayowa, shiru. Ya lissafa a ransa yadda farcen babban yatsan hagu yake lanƙwasawa ya nufi nama in ya wuce sati uku, ya ji zama ya gagare shi. Ranar Alhamis bayan la'asar ya cika filas ɗaya, ya ɗauki jakarsa, ya hau keke zuwa Ɗan Iya.

A zaure ya same shi, zaune a kan tabarma, ya jawo ƙafar hagu kusa da fuskarsa, reza a hannu, yana laluben farcen da yatsa. Akwai ɗan jini a gefen yatsan, ya goge da bakin zani. Babayo ya yi sallama.

"Wa alaikumus salam. Malam Babayo ne? Bismillah, shigo."

Malam Babayo. Da ya zage shi da ya fi masa sauƙi. Ya durƙusa, ya gaishe shi, ya zare rezar daga hannunsa a hankali, ya buɗe filas ya zuba ruwa a roba.

"Kawo ƙafar, Malam."

Tsohon ya janye ta. "Nawa ne na zuwa gida?"

"Haba Malam. Don Allah."

"Tambaya na yi."

"Ba komai. Wallahi ba komai. Kuskure na yi, bakina ne ya..."

"Ba ka yi kuskure ba. Ni na yi shekara arba'in ina ɗinki, na san kuɗin zare. Abin da ya dame ni, wata nawa ka yi kana ciyar da ƙafata daga aljihunka, ina zuwa ina kiranka bawa a gaban mutane, ashe ni ne ake yi wa sadaka." Ya numfasa. "Ba zan koma cin sadakar ba, kuma ba zan iya ɗari biyar duk sati biyu ba. Yarinyar nan ita ke sayen magani. To ka faɗa mini kuɗinka in ji."

Babayo ya kalli robar. Ya nemi wata magana da za ta mayar da su inda suke, ya rasa. Ruwa na ta tururi a tsakaninsu.

"Ɗari biyar ne," ya ce, da ƙyar.

"Madalla."

Malam Mika'ilu ya ɗaga gefen tabarma ya ɗauko kuɗin, a shimfiɗe, ba a dunƙule ba, ya ajiye a gaban Babayo tun kafin a fara aiki. Da alama sun kwana biyu a wurin. Sannan ya tsoma ƙafafunsa a ruwan, ya lumshe ido, ya saki ajiyar zuciya irin ta wanda ya daɗe yana jin ciwo bai faɗa wa kowa ba.

Babayo ya wanke ɗan raunin, ya ɓare sabuwar reza, ya ɗora ƙafar dama a cinyarsa. Ya kama almakashi ke nan tsohon ya yi magana, idonsa a rufe.

"Ka yanke su ƙasa sosai, yadda za su kai ni wata biyu."